Dabbar da Munir Ya Ƙi Yankawa

Ɗinya, ta Tsanyawa
Laraba, farkon watan Maris

Zuwa ga maigidana, sanyin idona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. Baba da Inna suna gaishe ka. Ƙanwarka Hure ma ta ce in gaishe ka, wai kuma in tuna maka alkawarin ɗan kunne.

Alhamdulillahi. Jiya bayan la'asar Muhammad Auwal, direban motar albasa, ya yi sallama a ƙofar gida ya miƙo takardarka. Ina tsakar gida ina tankaɗe, ban san lokacin da na saki rariyar ba. Wata guda cur tun da ka bi Yaya Abdulrashid cin rani bakin teku, ba waya ba saƙo, babu irin tunanin da ban yi ba. Ashe wayarka ce ta faɗa ruwa. Allah ya mayar maka da alheri, amma kada ka ji haushina in na ce ni dai na ji daɗi. Maganar waya ana gamawa ta tafi. Takarda kuwa ga ta nan a cikin kwallata tare da littattafaina, tun jiya na karanta ta sau tara.

Hure ta ce rubutunka ba ya karantuwa, don haka ni aka ba. Baba ya sa aka shimfiɗa masa buzu a bakin ɗakin Inna, ni ina daga ciki bayan labule ina karantawa. Da na zo inda ka sa hannu sai na ce “daga wane”, har Inna ta yi dariya. Layuka ukun ƙarshe kuwa tsallake su na yi, ka san dalili. Don Allah nan gaba ka ware nawa a takarda daban, kada wata rana bakina ya zarce a gaban surukai.

An fara kai taki gona. Baba ya gama da ta bakin rafi, saura ta gabas. Har yanzu yana fita fawarsa ranar kasuwar Tsanyawa. Inna ce dai gwiwoyi suka matsa mata, sallah ma a zaune take yi. Ta ce tunda Allah ya kai ka inda ruwa yake da yawa, ka nemo mata man ayu na gaskiya, ba irin na kwalba da ake tallansa a tasha ba. Wai kakarta da shi ta miƙe. In ka samu da ɗan yawa, ka zuba mini kaɗan a wani ƙoƙo daban. Kada ka tambaye ni na mene ne, matan aure sun san amfaninsa.

Sannan ka ba ni labarin teku. A littattafan da nake karantawa kullum masoya suna tafiya a bakinsa da yamma, iska tana kaɗa mayafi, amma ba wanda ya taɓa faɗin ko ƙamshi yake ko wari. Ni ruwan da na sani mafi girma shi ne dam ɗin da muka hango a hanyar Bagwai ranar da ka kai ni gidan Gwaggo.

Ka kula mini da kanka, kada ka matsa kusa da ruwan nan. Allah ya tsare, ya ba da sa'a.

Taka har kullum,
Tahira

*

Zangon Kwakwa, bakin teku, gabas da Legas
Asabar, tsakiyar Maris

Amaryata Tahira,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da kyau, ki gaishe mini da kowa. Ga ta Baba daban, ga taki daban, kamar yadda aka ba ni umarni.

Kin ce in ba ki labarin teku. To, ba ƙamshi yake ba, ƙarni yake, kamar an jiƙa daddawa a ruwan kifi. Girmansa kuwa, ki ɗauka an haɗe gonakin Ɗinya da na Tsanyawa da na Tofa, an cire duk wata kuka da ɗorawa da gawo, an bar fili fetal har inda sama ta sauko. Kuma ba ya zama wuri ɗaya, kullum cikin huci yake kamar bijimin da aka ɗaure bai so ba. Masoyan littattafanki ban gamu da su ba tukuna. Abin da nake gani leda ce da robar ruwa da tsofaffin silifa, ruwa yana amayo su kowace safiya.

Sunan garin na gaskiya ya fi ƙarfin harshena, Hausawan nan Zangon Kwakwa suke ce masa. Muna yanka akuya biyu da safe, Asabar da Lahadi kuma sa guda, saboda baƙi masu zuwa shan iska. Ni ne a kan fiɗa da tsire, Yaya yana kan tebur. Kin san halinsa, ba ya dariya sai an tashi kasuwa, amma yana kula da ni.

Mutanen garin masunta ne. Suna da wani taru, wato ragar kamun kifi, mai tsawon daga gidanmu zuwa masallacin Juma'a. Kwalekwale ne yake kewayawa da shi, sannan mutum kamar arba'in su tsaya a tudu suna ja da waƙa. A wurin kallonsu wayata ta tafi.

Shekaranjiya da hantsi na ga abin da na so a ce kina kusa. Wasu dabbobi ne masu launin toka, kowace ta fi mutum tsawo, suna tsalle daga cikin ruwa a jere kamar awakin da aka kwance daga turke. Masunta dolfin suke ce musu. Yaya ya ce ayun teku ke nan, shi ya taɓa ganin ayu a Yawuri, wai kusan haka yake. Sun ce wani lokaci ɗaya takan faɗa cikin taru, su sayar ko su yayyanka su yi tarkon manyan kifaye da ita. Yaya ya ce musu duk ranar da aka kama a kira shi. Don haka ki ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, mai yana nan tafe in sha Allahu.

Naki ƙoƙon kuwa ban tambaya ba, amma ki sani asarar mai za ki yi. Aikin da kike so ya yi ai an riga an gama shi tun ranar da na fara ganinki a bakin rijiya.

Ki ci gaba da yi mana addu'a.

Mijinki,
Munir

*

Zangon Kwakwa
Lahadi, ƙarshen Maris

Zuwa ga mahaifina, Malam Usaini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da neman albarka, ina gaida Inna da mutanen gida.

Baba, ban so rubuta wannan ba, amma gara ka ji daga gare ni kafin ka ji a kasuwa.

Ranar Alhamis masunta suka jawo ayun teku da ranta. Na saye ta saboda man da Inna take so, da kuma naman. Na ce wa Munir ya yanka. Ya durƙusa ya yi ta shafe-shafe, can ya ɗago ya ce shi ba zai yanka ba. Na ce to ya matsa in yanka da kaina. Baba, a gaban mutum sama da ɗari, 'yan gari da baƙi da Hausawanmu, yaron nan ya juyo mini da wuƙa tsirara a hannunsa yana daka mini tsawa. Ni da na goya shi.

Wuri ya rikice, aka yi ta turereniya, 'yan sanda suka zo suka tafi da shi. Yau kwana uku ke nan. Na je ƙofar ofishin sau ɗaya, na kasa shiga. Dabbar kuma wasu mutane suka zo a mota suka hana a taɓa ta. Ban tsaya ganin ƙarshenta ba.

Tun ranar ban kafa tebur ba, kunya ta hana ni fita. Ka faɗa mini abin da zan yi, ni kaina ya ƙulle.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ɗanka,
Abdulrashid

*

Ɗinya
Alhamis, farkon Afrilu

Maigidana,

Assalamu alaikum. Ban san ko wannan za ta iso hannunka ba, ban ma san a ina kake ba. Na roƙi Muhammad Auwal ya neme ka duk inda aka kai ka, ya ce zai yi.

Takardar Yaya Abdulrashid ta zo jiya, ni aka ba in karanta. Na fara da murna, na zaci gaisuwa ce. Da na kai tsakiya na nemi layin da zan tsallake, na rasa. Na karanta duka. Inna ta sa salati. Baba ya kai ƙarshen carbinsa, sannan ya ce, “Shekara arba'in da biyar ina riƙe da wuƙa, ban taɓa nuna wa ɗan Adam ita ba ko da wasa. Mahaucin da ya zare wa mutum wuƙa ya fita daga sana'a. Wanda ya zare wa wansa kuwa ya fita daga gidana.”

Inna ta ce, “Haba Malam, a ji ta bakin yaron mana.”

Ya ce, “Babba ba ya yi mini ƙarya,” wato Yaya Abdulrashid. Ya sa takalmi ya fita.

Yau kuma Hure ta dawo daga kasuwa da bidiyo a wayarta, wai ya zagaye ko'ina. Ɗan gajere ne. Na gan ka a durƙushe ba riga, ga wata dabba mai launin toka a kwance, ga wuƙa a hannunka kana ihu, Yaya yana ja da baya. Shi ke nan ya ƙare. An kai wa Baba ya ce a ɗauke masa. In na je rijiya yanzu mata shiru suke yi sai na bar wurin.

Abin da yake ci na shi ne, ni na rubuta maganar man nan da hannuna. Inna sau ɗaya ta faɗa a cikin hira. Ni ce na ɗauka na ƙawata, har na ƙara da nawa ƙoƙon, saboda shirmen da na jiyo a gidan biki. Da na yi shiru da yanzu kana wurin tsirenka lafiya. Ka yafe mini.

Amma na kalli bidiyon nan har Hure ta ce zan cinye mata caji, kuma ban ga fuskar mai son cutar da wani ba. Fuskar da ka yi ce ranar da wuta ta kama rumbun Malam Hashimu maƙwabcinmu, kana kiran a kawo ruwa. Ban san abin da ya faru ba, na dai san wannan.

Ga riga na aiko maka, da ƙuli-ƙuli a ƙulle cikin hannunta. Ko layi ɗaya ne ka rubuto, in san kana numfashi.

Allah ya fito mini da kai.

Tahira

*

Zangon Kwakwa
Juma'a, tsakiyar Afrilu

Tahira,

Wa alaikumus salam. Na fito. Lafiyata ƙalau, ko ƙwarzane babu. Ki fara da wannan, ki sha ruwa, sannan ki karanta sauran. Kwana huɗu na yi, ba wanda ya taɓa ni sai sauro. Takardarki a masallacin Hausawa ta same ni, a nan nake kwana yanzu. Rigar ta zo daidai, ƙuli-ƙulin kuma liman ya taya ni.

Wannan karon ki karanta wa Baba duka, kada ki tsallake komai.

Baba, ina gaishe ka, ina neman gafara. Ga yadda aka yi.

Ranar Alhamis ɗin da hantsi aka jawo ta a naɗe cikin taru, igiya ta shaƙe mata wutsiya har ta shiga nama. Yaya ya saya, ya ce in yanka. Na wasa wuƙa, mutum huɗu suka taya ni juya ta alƙibla. To, kai ka koya mana ba a yanka dabba da ƙishirwa, kuma ba a sa mata wuƙa sai an shafa ta an san abin da ke jikinta. Na ɗauko buta zan ba ta ruwa, na fara tsiyayawa ta saman kanta. Sai wani tsohon masunci ya doke mini hannu yana faɗa da yarensu. Ashe ramin da ke saman kan nata shi ne hancinta. Saura ƙiris in kashe ta da alheri. Ta buɗe ramin ta yi wani huci, iska mai ɗumi ta bugi fuskata, sak numfashin saniya. Nan gabana ya fara faɗuwa, don kifi ba ya huci.

Na bi cikinta da hannu. Can kusa da wutsiya na ji wuri ya kumbura. Na matsa kamar yadda ake matsa hantsar akuya, sai ga nono a yatsuna, fari, mai kauri kamar kindirmo. Ina kallon hannuna sai na ji fito daga cikin ruwa. Wani ɗan ƙarami ne, bai fi tsawon hannuwana biyu ba, yana ta kewaya inda ruwa bai kai ƙugu ba. Igiyar ruwa ta watso shi ya koma, ta watso shi ya koma. Uwar ta amsa masa da wani irin kuka siriri.

Na ce, “Yaya, tana shayarwa.”

Ya ce, “Kai, kifi ne. Kifi ba ya buƙatar wannan dogon bincike.”

Na ce, “Kifi da nono?”

Ya ce, “Jama'a suna kallo, Munir, kada ka kunyata ni.”

Baba, ranar nan na tuna, da ka mayar wa wani Bafillace saniyarsa a kasuwar Tsanyawa bayan an gama ciniki, don ka taɓa hantsarta ka ji madara. Ka ce masa ya je ya dawo da ita in ɗan ya isa yaye. Ni na riƙe maka igiyar a ranar.

Fatarta ta fara bushewa a rana tana tsagewa, sai na tuɓe rigata na jiƙa na rufa mata. Na koma wurin wutsiya na fara yanke igiyar. Ina cikin yi na hangi Yaya ta gefen ido ya nufi wuyanta da tasa wuƙar. Na juyo na ce, “Tsaya!” Wallahi ban tuna da abin da ke hannuna ba. Amma tana hannuna, wannan gaskiya ne, kuma na ga yadda idon Yaya ya yi. Wannan laifin na ɗauke shi.

Kwana huɗun nan abin da ya fi damuna ban san ko an yanka ta bayan tafiyata ba. Ranar Litinin sai ga wata mata, Dakta Maimunat, mutuniyar Ilori, daga wata ƙungiya mai kula da dabbobin teku. (Tahira, sa'ar Inna ce, ki saki fuska.) Wani malamin makarantar garin ne ya kira su tun ana jan tarun. Ta yi bautar ƙasa a Tofa, tana jin Hausa a karkace, “Malam Mai Nama” take ce mini. Ita ta yi wa 'yan sanda bayani, Yaya kuma bai shigar da ƙara ba, aka sake ni. Ta nuna mini a wayarta yadda aka ƙare. Sun ɗora ta a tamfol, suka jira ruwa ya ƙaru, mutum goma sha biyu suka shiga da ita har iya ƙirji, suka riƙe ta sai da ƙarfinta ya dawo. Ta kaɗa wutsiya ta tafi, ƙaramin ya bi ta. Na zauna a kan dakali na yi kuka kamar yaro, ba na jin kunyar faɗa.

Dakta ta ce ba ayu ba ce sam, kuma babu wani magani a manta. Shekara guda take ɗaukar ciki, ɗa ɗaya take haifa, ta shayar da shi fiye da shekara. In an kashe uwar an kashe biyu. Ta ce suna da 'yan'uwa manya da ake kira wel, wasu sun fi motar Muhammad Auwal tsawo, suna wucewa ta nan da 'ya'yansu in damina ta yi nisa. Abin da ya fi kashe su tsofaffin raga ne da ake yarwa a ruwa, da leda da suke haɗiya. Na ce mata ai leda mun san ta, na taɓa ciro cikin bokiti guda daga tumbin saniya ɗaya. Ta riƙe baki, ta ce sai na maimaita wannan a gaban masunta. Na maimaita. Yanzu kowace safiya muna bin bakin ruwa muna tsince leda da yagaggun raga, mu da wasu samarinsu, kuma shugaban masunta ya ce duk wadda ta sake faɗawa taru a sake ta. Inna kuwa, Dakta ta ce gwiwa asibiti ake kai ta.

Na je wurin Yaya na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya kau da kai, amma bai kore ni ba.

Baba, na ji hukuncinka. In ka ce kada in dawo, ba zan dawo ba. Sai dai ban san inda zan sa kaina ba, ga damina ta matso, ga gonar gabas.

Tahira, wannan layin kaɗai za ki tsallake: ba laifinki ba ne, kada in sake jin wannan maganar.

Naku,
Munir

*

Ɗinya
Talata, ƙarshen Afrilu

Zuwa ga maigidana, sanyin idona,

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, alhamdulillahi, alhamdulillahi. Na sha ruwan kamar yadda ka ce, sannan na yi sujada a tsakar gida, kaji suna kallona.

Bari in ba ka labari a jere.

Na karanta wa Baba duka daga bayan labule. Wurin nonon nan sai da ya ce in maimaita. Da na gama sai ya ce, “Baki ne, kowa da nasa. Babba ya ce an nuna masa wuƙa, shi ma bai musa ba.” Ya fara laluben takalminsa.

Maigida, ban san abin da ya shiga jikina ba. Wata goma sha ɗaya ina gidan nan, Baba bai taɓa jin muryata ba sai ta bayan labule ko a gaisuwa. Na fizge wayar Hure, na ɗaga labulen na fito, na durƙusa a gabansa na ce, “Baba, don girman Allah ka duba hannunsa kawai.” Inna ludayi ne ya suɓuce mata. Hure ta toshe baki. Ni kaina ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya miƙo hannu ya karɓa, ya kai wayar kusa da idonsa. Ya ce wa Hure, “Mayar baya.” Ta mayar. “Sake.” Ta sake. “Tsayar da shi a nan.” Ya sa yatsa a kan gilashin ya ce, “Kaifin sama yake kallo.”

Inna ta ce, “To sai me, Malam?”

Ya ce, “Haka ake riƙe wuƙa in za a yanke igiya a jikin dabba mai rai, a zura ta ƙarƙashi, kaifi a sama, don kada a ji mata ciwo. Mai nufin mutum ba haka yake riƙewa ba.” Ya ƙara da cewa, “Ni na koya masa.”

Inna ta fashe da kuka tana dariya, ta ce, “Da ka kalla tun ranar ai da ba mu yi sati uku ba barci ba, tsoho mai taurin kai.” Ya ce ita dai ta ji da gwiwarta. Ya ce kuma Babba bai yi ƙarya ba, a inda yake tsaye shi ma abin da zai gani ke nan.

Ga saƙonsa, yadda ya faɗa na rubuta: ka koma wurin wanka ka sake ba shi haƙuri, ko sau uku ne, don shi ne babba kuma ya ji tsoro a gaban mutane. Ka nuna masa wannan takardar. Sannan ku taho tare, shuka ba za ta jira kowa ba.

Ni kuwa ranar kwano biyu na ci na tuwo. Hure ta bi gida gida tana nuna wa mata inda kaifin yake kallo, har waɗanda ba su tambaya ba. Inna ta yarda za a kai ta asibiti ranar kasuwa. Yanzu in na ga leda ta maƙale a dangar awaki sai in ji ba zan iya wucewa ba sai na cire. Jiya na ɗauko littafi in karanta, na ga duk jaruman cikinsa motoci ne da su da manyan riguna, ba wanda ya taɓa tuɓe tasa ya rufa wa wata dabba. Na mayar da shi cikin kwalla.

Abu ɗaya ya rage. Baba ya kai ƙofar zaure zai tafi la'asar sai ya juyo, ya yi magana yana kallon bango, amma da ni yake. Ya ce, “Ki tambaye shi, ɗan ya kama nonon kuwa? In uwa ta sha wuya irin haka, wani lokaci nono yakan ɗauke.” Jiya ma ya sake tambayar Inna ko na rubuta. Don Allah ka ba shi amsa.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma. Allah ya kawo mini kai lafiya.

Taka har kullum,
Tahira

*

Zangon Kwakwa
Laraba, farkon Mayu

Tahira,

Wa alaikumus salam. Na gode, kin fi ni jarumta.

Ban haƙurin sau biyu ya isa. Jiya kwano ɗaya muka ci da Yaya, har ya ce in wanke hannu da kyau, ina ƙarnin kifi. Muna tafe tare a motar Juma'a in sha Allahu.

Ki gaya wa Baba ban ga ya kama da idona ba, a ƙarƙashin ruwa suke sha. Amma yau da hantsi tsohon masuncin nan ya jawo ni da hannu har bakin ruwa. Biyu ne suka taso, babbar da farin tabo a wutsiya, ƙaramin manne da gefenta. Sau uku suka fito kafin su nutse, na dube shi da kyau. Ya ƙara tsawo, cikinsa a cike yake.

Ki gaishe da kowa. Sai na iso.

Mijinki,
Munir